Bindigar Sulhun Gidan Mirshid

Na yi sallar asuba na koma na naɗe cikin bargo, sai ihun mai masaukina Muɗlak ya fisgo ni daga barci. Na fito ko takalmi babu, na tarar da shi tsakiyar zauren baƙi yana nuna bango. Akwatin katakon da ke rataye can sama a buɗe yake, wayam.

"An sace bindigar sulhu, Dakta! A cikin gidana! Ina kwance kamar gawa!"

Kafin a dafa gahawar safe rabin ƙauyen ya cika tsakar gida, kuma kowa ya san abin da aka taɓa. A shekarar 1946 Ɗaifallah ya harbe Mirshid a kan rikicin ruwan ban gona. Aka kori gidan Ɗaifallah daga ƙauyen, suka yi shekara goma da ɗoriya suna yawo a gabas. Da dattawa suka ɗaura sulhu, sharaɗin farko shi ne a miƙa wa gidan mamaci bindigar da ta yi kisan. Aka miƙa, aka naɗe ta da farin ƙyalle, aka rataye. Daga baya Falah ɗan Mirshid ya ga Fidda 'yar Ɗaifallah ya ce ya gani yana so, ita ma haka, suka haifi Muɗlak. Ke nan wanda ya yi harbin kakansa ne, wanda aka harba ma kakansa ne.

Amma da safiyar nan Muɗlak kaka ɗaya ya tuna. Ya tsaya bakin ƙofa ya rantse da kabarin ubansa cewa in rana ta faɗi bindigar ba ta dawo ba, sulhu ya mutu, kada ɗan gidan Ɗaifallah ya ƙara taka wannan ɓangaren na ƙauye. Na ga samari biyu sun sulale zuwa gidajensu, kuma na san ba goro suka tafi ɗaukowa ba.

Ni kuwa me ya kai ni? Likitan haƙori ne ni a garin Karak, kuma ina da wata cuta da matata ta gaji da nema mata magani: tara tsofaffin libarba, ƙananan bindigogin nan masu juyi shida. Ban taɓa harbin ko gwangwani ba. Jin daɗina shi ne in juya bindiga a hannu in faɗi zamanin da aka ƙera ta. Na daɗe ina roƙon Muɗlak ya nuna mini tasu, sai ranar Juma'ar nan ya gayyace ni cin mansaf, shinkafa da naman rago irin ta biki, ya ce in kwana, da safe zai buɗe mini. Bai buɗe a ranar ba ne don kawunsa Awwad, ƙanen mahaifiyarsa kuma babban gidan Ɗaifallah, yana zaune da jikansa Rakan, kuma ba a kwance ƙyallen nan a gaban 'yan gidan Ɗaifallah.

Muna tsaye kewaye da tire muna dunƙula shinkafa da nama, Awwad ya ce ya ji ana cewa bindigar ƙirar Dorban ce ta Beljiyam. Shi ke nan, an sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na ce a zamanin tsoho Dorban da 'ya'yansa barewa suke bugawa a gefen bindiga, mariƙin kuma na katako. A 1952 suka sayar da kamfanin ga wasu 'yan kasuwa, aka cire barewa aka sa tauraro, mariƙi ya koma baƙar roba. Na yi ta zuba har miya ta huce. Muɗlak bai ji ko rabi ba, domin mai gida ba ya ci da baƙi, yana ta shiga da fita yana yi wa masu kawo nama tsawa. Wadda ta saurare ni har ƙarshe ita ce mahaifiyarsa, Hajja Fidda, da ke zaune bakin ƙofa a kan kujerarta, har na ji daɗi na ce tsohuwar nan ta fi mazan ƙauyen hankali.

*

Aka aika a kira Baffa Suwailim, mai bin sawu. Ya yi aikinsa da 'yan sandan hamada har ya tsufa, yanzu tumaki yake kiwo. Ya iso da sandarsa, ya dubi tsakar gidan, ya dubi mutane.

"Masha Allah. An yi yayyafi jiya don a sauƙaƙa mini, ku kuma kun zo kun yi mini rawa a kai. Awaki ma sun fi ku, su layi ɗaya suke bi. Kowa ya manne da bango!"

Muka manne. Ya shiga zaure ya leƙa akwatin, ya tambayi Muɗlak ko an fasa wani abu. Ba a fasa ba. Ya tambayi wanda ya kwana a gidan ban da masu gida. Duk idanu suka juyo kaina.

"Dakta baƙona ne," in ji Muɗlak, amma bai dube ni ba.

"Baƙon da ke tara bindigogi," wani ya faɗa daga baya.

Na ciro makullin mota na miƙa. Suka buɗe but ɗin motar, suka zazzage jakata a gaban jama'a, har da gajeren wandona da maganin basir. Suka sami libarba biyu da na zo da su don nunawa, aka ɗaga sama, Muɗlak ya girgiza kai ya ce ba su ba ne. Na girma, na yi furfura, ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ashe somin taɓi ne.

Suwailim ya zagaya bayan zaure, ya tsuguna ƙarƙashin taga.

"Takalmin soja, na saurayi, dunduniyar hagu ta cinye. Ya tsaya nan ya yi ɗage ya miƙa hannu ciki."

Ba a jira ya gama ba. Kowa ya san takalmin Rakan, mai tuƙa tankar ruwa. Aka jawo shi daga gida, Muɗlak ya cakumi wuyan rigarsa har ta yage zuwa cibiya.

"Ina take, ɗan ɓarayi?"

"Baffa, wallahi wayata na manta a kan taga jiya! Na zo ɗauka da sassafe, na ji nauyin in tashe ku."

"Waya! Ka ji shi!"

"Abu Nayif, sake shi," in ji Suwailim, yana kiran Muɗlak da sunan ɗansa na fari. "Kai yaro, miƙa hannunka ta tagar nan, iya ƙarfinka."

Rakan ya miƙa. Tsakanin yatsunsa da akwatin akwai tsawon mutum biyu.

"In dai ba hannun raƙumi aka dasa masa ba, ba shi ba ne. Sawunsa ya zo taga ya koma tankarsa, bai je ƙofa ba."

Muɗlak bai yarda ba. Ya sa aka zaunar da Rakan a zaure da maza biyu a gefensa. Jim kaɗan aka turo Awwad a keken guragu, domin ciwon sukari ya cinye masa ƙafa ɗaya, ya ce ba zai motsa ba sai da jikansa. Mazan gidansa suka jeru a ƙofar gida, hannayensu cikin riga.

Suwailim ya taɓa ni da sanda.

"Dakta, zo mu tafi. In na bar ka nan za ka buɗe baki, a sake rasa wani abu."

*

Ta ƙaramar ƙofar baya muka fita, wadda babu wanda ya tattake. Ya nuna mini sawun silifas na roba, irin manyan nan da ake barinsu bakin zaure don alwala.

"Takalmin babba ne, ƙafar ƙarama. Ka ga yadda yake jan ƙasa ta baya? Ko yaro, ko mace, ko tsohon da ya ƙanƙance. Ya tafi, ya dawo."

"Ya dawo gidan?"

"Ya dawo har bakin ƙofa, ya tsaya, ya yi ta sauya ƙafa, sai ya bi ta wajen mata. A nan sawun ya shiga cikin na mata ashirin."

Muka bi na tafiyar. Ya ratsa ta cikin zaitun, ya gangara, ya nufi unguwar gidan Ɗaifallah. Amma bai shiga sababbin gidajen ba, ya wuce zuwa kangon tsohon gidan dutse na Ɗaifallah, wanda aka bari tun ina makarantar firamare. Tsakar gidan fili ne fetal, babu komai sai ƙasa da ciyawa. Suwailim ya tsaya cik a tsakiya.

"Duba nan."

Sawun yana tafe sambal, sai ya karkata dama, ya yi rabin da'ira, ya koma kan hanyarsa. Na dawowar ma haka. Na duba abin da aka kewaye, ban ga ko tsakuwa ba.

"Maciji ya gani?"

"Wanda ya ga maciji tsalle yake yi. Wannan ko saurinsa bai sauya ba. Ga sawun yaran da ke zuwa wasa, duk ta tsakiya suke bi." Ya caka sandarsa a ƙasa. "A nan bakin rijiyar ruwan sama yake. An cike ta tun kafin a haifi uban Rakan. Kai ya manta da ita, ƙafa ba ta manta ba. Wanda ya yi wannan tafiya a gidan nan ya girma, yana jin uwarsa tana cewa kada ka bi ta nan."

"Su waye suka rage a cikin waɗanda suka girma a nan?"

"Biyu. Ɗaya ka gan shi a keke."

Sai Hajja Fidda ta faɗo mini a rai. Sawun ya ƙare a cikin wani ɗaki marar rufi, gaban bango, inda aka zare dutse ɗaya aka mayar, farar ƙasa ta zube a gindinsa. Na kai hannu, ya buge ni da sanda.

"Ni ƙafa nake bi. Ba na tonon gidan mutane."

*

Mun sami Hajja Fidda ita kaɗai a rumfar gurasa, tana zaune gaban kasko, wutar ta mutu ba ta hura ba. Suwailim ya yi sallama ya tsuguna nesa da ita.

"Umm Muɗlak, yaya ƙafa? Hanyar zaitun akwai santsi yau."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Tun kana yaro kake sa ido, Suwailim. Allah ya shirye ka." Sai ta juyo gare ni. "Dakta, abin da ka faɗa jiya. Mai tauraro da baƙin mariƙi. Ba ya yiwuwa a ce an yi ko guda ɗaya kafin shekarar nan da ka ce?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce ba ya yiwuwa, Hajja.

Ta gyaɗa kai.

"Ni nake goge ta. Duk sallah ƙarama da babba, ni nake sauke ta in shafa mata mai, tun ina amarya. Na san tauraron nan kamar tafin hannuna. An kashe Mirshid tun ba a ƙera ta ba, ko ba haka ba? To ubana ya tsaya gaban dattawa, ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani, ya miƙa musu bindigar kasuwa. Mijina ya mutu yana ganin girmansa a kan ya cika alkawari." Ta gyara mayafinta. "Jiya ban runtsa ba. Sai na tuna ranar da muka dawo daga gabas na gan shi yana cusa wani abu a bango, ya ce in na faɗa zai yanke mini harshe."

Ta ɗaga murfin buhun gari, ta zura hannu har gwiwa, ta ciro wani abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ta buɗe. Mariƙin katako, ƙarfen ya yi duhu, an cika ta da kitse kafin a ɓoye. A gefenta ga barewa tana tsalle. Shekara da shekaru ina neman irinta, amma yau ko taɓa ta ban iya ba.

"Na ce in kai ta ƙaryar in bar ta a bangon, in kawo ta gaskiyar in sa a akwati kafin ka gani ka tona mu. Ƙafa ta tsufa, Dakta. Kafin in dawo ɗana ya tashi yana ihu. Na tsaya bakin ƙofa ina jin yana zagin gidan ubana. In na shiga na faɗi gaskiya, sulhun ƙarya ne tun farko. In na yi shiru, za su kashe mini Rakan."

Surutuna a kan tiren shinkafa ne ya hana tsohuwar nan barci, ni kuma ina can ina yaba mata hankali. Na sunkuyar da kai ina kallon toka.

Suwailim ya miƙe.

"Mayar cikin gari. In kin ji an yi kiran la'asar kin ga zaure ya watse, kin san aikinki."

*

Zauren ya cika maƙil, gidan Mirshid a dama, gidan Ɗaifallah a hagu, Rakan a tsakiya yana riƙe da yagaggiyar rigarsa. Ni aka ba ni wuri kusa da ƙofa, inda ake zaunar da wanda ba a gama yarda da shi ba. Muɗlak da kansa ya zuba wa Suwailim gahawa. Tsohon ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa gabansa, bai kurɓa ba. Zauren ya yi tsit, domin baƙon da ya ajiye kofi buƙata ce da shi, kuma abin kunya ne gahawa ta huce a gabansa.

"Sha gahawarka, Baffa. Abin da kake so ka samu."

"Ji tukuna, kada ka yi alkawarin da zai shaƙe ka. Na san wanda ya ɗauka. Ba Dakta ba ne, ba yaron nan ba ne, ba kuma wanda Awwad ya aika ba. Za mu tashi dukanmu mu je masallaci, a bar ƙofa a buɗe. In mun dawo bindigar da ta kashe Mirshid tana cikin akwati, ba za ka tambayi kowa komai ba. Ba ni ba, ba wani ba, ba yau ba, ba gobe ba."

"In rufa wa ɓarawo asiri?"

"Ni dai ga kofina yana hucewa."

Muɗlak ya dubi kofin, ya dubi mutane.

"Sha. Na ɗauka."

Suwailim ya shanye, ya girgiza kofin alamar ya isa. Muka tafi masallaci gaba ɗaya, har da Awwad a kekensa. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba.

Da muka dawo akwatin a rufe yake. Muɗlak ya taka kujera ya sauko da ƙullin. Zuciya ta sa ya manta da al'ada, ya kwance ƙyallen a gaban kawunsa. Na ga bakinsa ya buɗe zai ce ba ita ba ce, domin ban da uwarsa shi kaɗai ne a raye ya san kamannin wadda ta ɓata. Ya juya bindigar. Ya shafa mariƙin katakon, garin alkama ya manne masa a yatsa. Ya daɗe yana kallon yatsan.

"Dakta. Kai ne masani. Ta wane zamani ce?"

"Zamanin tsoho Dorban, Abu Nayif. Ga barewa nan. An ƙera ta kafin rasuwar kakanka."

"Masu baƙin mariƙi fa, da tauraro?" Ya yi tambayar kamar mai hira.

"Waɗannan sai bayan hamsin da biyu."

Wani daga baya ya yi dariya ya ce kada a sake kunna Dakta. Muɗlak bai yi dariya ba. Na ga fuskarsa tana sauyawa a hankali, daga fushi zuwa wani abu da na kasa ci gaba da kallo. Ya dubi kawunsa, wanda bai san komai ba, yana zaune da ƙafa ɗaya yana jiran a ba shi jikansa. Sannan ya naɗe bindigar ya mayar.

"Ita ce," ya ce. "Ta dawo."

Ya cire igiyar rawaninsa ya ajiye a cinyar Awwad alamar neman gafara, ya sunkuya ya sumbaci goshin Rakan, ya tuɓe alkyabbarsa ya lulluɓa masa. Awwad ya fashe da kuka yana cewa jini ɗaya ne, komai ya wuce. Aka yi ta kabbara, aka ɗora sabuwar gahawa, wasu ma suka zo suka ba ni haƙuri a kan jakata.

Na fita neman iska, na tarar da Hajja Fidda tsaye a lungun da ke tsakanin zaure da wajen mata. Ban kai ga juyawa ba Muɗlak ya fito, kansa ba igiya. Ya gan ta ya tsaya. Ya kama hannunta, wanda ba ta ko wanke ba, ya sumbata ya ɗora a goshinsa.

"Muɗlak," ta ce, "tambaye ni."

"Yumma," ya ce, kamar yadda ake kiran uwa a can, "shiga ciki, akwai sanyi."

"Ka tambaye ni, ɗana. Na kasa ɗauka ni kaɗai. Ka tambaye ni in faɗa maka wane ne ubana."

Ya daɗe riƙe da hannun, hawaye na bin gemunsa.

"Na yi alkawari a kan kofi, gaban mutane. Ba ke ba, ba wani ba, ba yau ba, ba gobe ba."

Ya saki hannun ya koma wajen baƙinsa. Ta juyo ta gan ni, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta bi bango ta shige ciki.